Ruwan da ke fita ta bayan asibitocinmu, ina yake zuwa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato ruwan dattin da ke fita daga asibitocinmu ya faɗa kwatocin gari ba tare da an yi masa komai ba. Aikin ɗakin gwaje-gwaje na yi a asibiti a nan Kano har na ajiye aiki, kuma mafi yawan shekarun a ɓangaren ƙwayoyin cuta na yi su, inda ake kawo mana fitsari da jini da mugunya mu gano ƙwayar da ke damun majinyaci da maganin da zai kashe ta.

Duk watan Nuwamba ana makon wayar da kai a kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Za ka ji likitoci a rediyo suna cewa kada a sayi kafso a kemis babu takardar likita, kada a sha antibayotik saboda mura, kada a ajiye magani a rabi don an ji sauƙi. Duk wannan gaskiya ce, ni ma ina faɗa wa 'ya'yana da maƙwabtana. Amma har yau ban ji wanda ya tsaya ya tambayi inda fitsari da bahayar majinyatan da ke kwance a asibiti suke tafiya ba, alhali a jikinsu ne ƙwayoyin da suka fi taurin kai suke, kuma su ake ɗirka wa magunguna mafi ƙarfi.

Bari in fara da abin da idona ya gani a kan tebur. Idan aka kawo fitsarin mai ciwon mara, mukan shuka shi a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ya kwana a cikin na'urar ɗumi. Idan ƙwaya ta tsiro, sai a shafe ta a wani farantin, a jera 'yan ƙananan takardu zagayayyu a kai, kowace an jiƙa ta da magani daban, a sake kwanar da shi. Da safe sai ka ɗaga farantin ka duba a haske. Maganin da ke aiki, za ka ga fili fayau ya kewaye takardarsa, ƙwayar ta kasa matsowa. Wanda ya daina aiki kuwa, ƙwayar za ta tsiro har jikin takardar, ko ɗan tsaiko babu. Mu auna faɗin filin da rula, mu rubuta S idan maganin na ci, mu rubuta R idan ƙwayar ta fi ƙarfinsa. Lokacin da na fara aiki, R ɗin a gaban ampisilin da Septrin da ja-da-yalo muke yawan rubuta shi. Daga baya ya sauko kan sifro, wato siprofloksasin. Daga nan ya kama seftiriyazon, allurar da likitocinmu suka ɗauka a matsayin ta fitar da kunya. Kafin in bar aiki na riƙe takardar sakamako da hannuna wadda R ne tun daga sama har ƙasa, sai magani ɗaya tak ya tsira, shi ma kuɗinsa ya fi ƙarfin mahaifin yaron da ke tsaye a bakin taga yana jira. Wannan takardar ba ta fita daga raina ba.

Kada a ce hasashen tsoho ne. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma suna da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Kason Najeriya a wannan lissafi mutum 64,500 ne kai tsaye, da 263,400 da abin ya shafa. Akwai kuma binciken BARNARDS da aka yi kan jarirai sabbin haihuwa masu cutar jini a ƙasashe bakwai, har da asibitoci a Kano da Abuja. Daga cikin rukunin ƙwayoyin da suka fi kama jariran, kusan dukkansu ba sa jin ampisilin, bakwai cikin goma kuma ba sa jin jentamaisin. Waɗannan biyun su ne ake fara ba jariri idan jikinsa ya yi zafi ya ƙi kama nono.

To ina ruwan kwata da wannan magana? Maganin da mutum ya sha ko aka yi masa allurarsa ba ya ƙarewa a jiki. Amoksisilin, fiye da rabinsa yana fita a fitsari da ƙarfinsa cikin 'yan sa'o'i. Jentamaisin kusan gaba ɗayansa haka yake fita. Seftiriyazon wani ya bi fitsari, wani ya bi bahaya. Ka ɗauki ɗaki guda mai gadaje talatin, rabin masu kwanciya ana yi musu allura safe da yamma, kowa an juye fo ɗinsa a banɗaki ɗaya. Ka haɗa da ruwan wankin miki, da na ɗakin haihuwa, da na ɗakin tiyata, da na wankin zanin gado, da ragowar maganin da aka tsiyaye a wurin wanke hannu. Duka rami ɗaya suke haɗuwa. A cikin ramin akwai ƙwayoyin cuta ba iyaka, ga ɗumi, ga abinci, ga kuma magani tsarma-tsarma, wanda bai kai ya kashe su duka ba amma ya isa ya kashe raunana ya bar wa masu tauri fili.

Abin bai tsaya nan ba. Bakteriya suna iya miƙa wa juna ƙwayar halittar da ke ba su kariya daga magani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kamar yadda ɗan tauri ke ba yaronsa maganin ƙarfe. Ƙwayar da ba ta cutar da kowa, mazauniyar hanji ko ta cikin taɓo, za ta iya karɓa ta riƙe, gobe ta ba wadda ke kawo taifot ko ciwon mara. Shi ya sa mutumin da bai taɓa kwanciya a asibiti ba, bai taɓa ganin allurar meropenem ba, wadda ake ajiyewa sai sauran magunguna sun gaza, za a iya samun ƙwayar da ba ta jin meropenem a cikinsa.

Yanzu mu bi ruwan. Kano ba ta da babbar hanyar bututun ƙazanta da ke kai ruwan gidaje wata matata, irin ta Wupa da ke Abuja. Abin da muke da shi masai ne da sokawe da kwata da lambatu. Asibitocin ma mafi yawansu sokawe ne. A wani asibiti da na yi aiki, sokawen bayan ɗakin yara ya kan cika ya tumbatsa, musamman a watan Agusta da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. An fasa gefensa aka sa bututu ya ratsa ƙarƙashin katanga ya zube a kwatar titi. A daidai bakin wannan bututun wata baiwar Allah ke suyar awara, yara 'yan makarantar allo na tsallaka kwatar ba takalmi, in ƙwallo ta faɗa ciki su sa hannu su ɗauko. Mun yi magana, aka ce babu kuɗi a kasafi. Idan kuma aka samu kuɗin aka kira motar kwasar bahaya, ba mai tambayar direban inda zai juye. Kowa ya san amsar: kududdufi, ko wani fili a bayan gari, ko gonar wanda ya biya don yana son taki. Ƙananan asibitocin kuɗi da ke cikin unguwanni kuwa, da yawansu gidan haya ne aka mayar asibiti, sokawen da aka haƙa don iyali guda shi ke ɗaukar ɗakin haihuwa da na tiyata, ga rijiyar maƙwabci taku kaɗan daga wurin.

Ruwan kwatocin cikin birni da Fagge da Sabon Gari, da na kasuwanni da mayanka, Jakara yake gangarawa. Can gaba rafin Getsi ya kawo na masana'antun Bompai ya haɗe da ita, su tafi tare zuwa madatsar Wasai, inda masunta ke kamun kifin da ke dawo mana kasuwa. An rufe wani sashe na Jakara an shimfiɗa titi a kai, gari ya yi kyau, wari ya ragu, amma ruwan da ke gudana a ƙarƙashin titin shi ne dai na jiya.

Duk wanda ya taɓa bi ta Kwakwaci ko bakin rafin ta wajen Gama da rani ya ga lambuna kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Na sha tsayawa a wurin, domin ina da ɗan'uwa da ya yi wannan sana'a. Injin ban-ruwa na ruri a bakin rafi, tiyo na kwararo ruwa baƙi ƙirin mai kumfa, manomi na tsaye a cikinsa har idon sawu yana buɗe fangali da fartanya, ƙafarsa duk faso. Latas ne, da alayyahu, da kabeji, da karas, da albasa mai lawashi. Da asuba idan an cire, a bakin ruwan nan ake ɗauraye ƙasar da ke jiki, a yayyafa masa don kada ya yi yaushi kafin a kai kasuwa. Alayyahu dai za a dafa shi, wuta ta yi maganin abin. Latas da kabeji da karas fa? Su ne salak ɗin gidan biki, su ne a kan shinkafa da wake, su ne a gefen tsire da gurasa, su ne a faranti lokacin buɗa-baki.

A nan ina so a fahimce ni da kyau, domin na san halinmu. Da zarar irin wannan magana ta fito, abu na farko da za a yi shi ne a tura jami'ai su kori masu lambu, a ɗauki hoto, a ce an ɗauki mataki. Wannan an bar jaki ne ana dukan taiki. Manomin nan bai zuba komai a rafi ba, tarar da ruwan ya yi a haka, kuma ba shi da wani. Da wannan lambun yake ciyar da gida, da shi garin ke samun ganye da rani. Shi ne ma na farko da ke kwasar cutar, shi da yaransa da ke taya shi aiki. Wanda ya kamata a tuhuma shi ne wanda ya saki ruwan daga sama.

Hanya ta biyu da abin ke dawo mana ta fi ta lambu ban tsoro. Ka duba yadda ake jan ruwan famfo a unguwanninmu: siraran bututun roba a kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da robar taya. Lokacin da ruwa ke zuwa da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Idan aka ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan ne ke fara isa randa. A Haidarabad ta lardin Sindh a Pakistan, a ƙarshen 2016, aka samu ɓarkewar wani taifot da ya bijire wa kuloramfenikol da ampisilin da Septrin da dangin sifro da seftiriyazon baki ɗaya. Yara ne suka fi kamuwa, kuma masu bincike sun danganta shi da cuɗanyar ruwan sha da na ƙazanta. Ya bazu zuwa Karachi, dubban mutane suka kamu, sai da ƙasar ta shigo da sabuwar allurar rigakafin taifot cikin rigakafin yara a 2019. A birnin Delhi na Indiya kuma, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya gano ƙwayar halittar NDM-1, wadda ke karya ƙarfin magungunan da ake ajiyewa don ranar ƙarshe, a cikin 51 daga samfur 171 na ruwan da ke kwance a tituna, har da 2 daga samfur 50 na ruwan famfo. Duk wanda ya san yadda taifot ke kwantar da yara a Kano, ya kuma san yadda bututunmu suke, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Adalci ne in faɗi cewa asibiti ba shi kaɗai ba ne. Idan ana maganar yawa, ruwan gidaje ya ninka na asibitoci nesa ba kusa ba, kuma a gidajen ma ana shan kafso kamar gyaɗa. Masu kiwon kaji na zuba antibayotik a ruwan shan kaji tun suna 'yan tsaki, kashin kuma a sayar wa masu lambu. Wani bincike da masana daga Denmak suka jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya auna ruwan ƙazanta daga wurare 79 a ƙasashe 60, ya tarar ƙwayoyin halittar bijire wa magani sun fi yawa a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, kuma abin da ya fi tafiya tare da yawansu shi ne rashin tsaftar muhalli da raunin harkar lafiya. Dalilin da ya sa na nace a kan asibiti shi ne, nan ne abin ya fi kauri, nan ne ƙwayoyin da suka gagari manyan allurai suke taruwa, kuma nan ne ya fi sauƙin tarewa. Gidaje miliyoyi ne, asibitoci kuwa ana iya ƙirga su, kowanne da shugaba da lasisi da bututun da za a iya nunawa da yatsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun iya wannan aiki, mun ma taɓa yin irinsa a garin nan. A watan Yulin 2011, a Kano aka fara ɗibar ruwan kwata a Najeriya don neman ƙwayar cutar shan-inna. Ma'aikata kan je da sassafe wuraren da aka zaɓa a Kurna da Fagge da Jakara, su ɗebi ruwan lambatu a gora, su sa a akwatin ƙanƙara, a tura ɗakin gwaji na Ibadan. Ta haka ake gane cewa ƙwayar na yawo a unguwa tun kafin a ga yaron da ƙafarsa ta shanye, sai a tura masu rigakafi can. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna a watan Agustan 2020. Mutanen da suka yi aikin suna nan, sun san lambatun, sun san lokacin da ya dace a ɗiba. Me zai hana idan an je a ciko gora biyu, ɗaya ta shan-inna, ɗaya a kai wa masana ƙwayoyin cuta na jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su duba masu bijire wa magani? Ba sai an sayo wata na'ura daga Turai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai sauƙi da ake kira Tricycle, wanda ƙwaya ɗaya kawai ake bibiya, wato E. coli, bakteriyar hanji, irin wadda ke karya dangin seftiriyazon, a jikin mutane da cikin kaji da cikin ruwa. Duk ɗakin gwajin da ke iya shuka fitsari zai iya yin sa idan an ba shi kayan aiki da wutar lantarki. A riƙa fitar da sakamakon a fili duk wata uku, jama'a su gani, likitoci ma su san irin ƙwayar da ke yawo a garin kafin su rubuta magani.

Gwaji kaɗai ba ya tsarkake ruwa. Babban asibiti ya kamata a ce yana da wurin tace ruwansa kafin ya fita daga katanga, kuma a sa kuɗin gudanar da shi a kasafi kamar yadda ake sa na man janareta. Ba dole sai mai tsada ba. Inda akwai fili, jerin tafkunan da ake barin ruwa ya kwanta ya bi daga wannan zuwa wancan na tsawon makonni suna rage ƙwayoyin cuta sosai, kuma irin zafin ranarmu ne ma ya fi dacewa da su. Inda babu fili, akwai ƙananan matatu da ake haɗawa, a ƙarasa da sinadarin kulorin. Ba na cewa wannan zai kashe komai, amma tsakaninsa da bututun da ke zuba kai tsaye a kwatar titi akwai tafiya mai nisa. Masu ba asibitocin kuɗi lasisi kuma, yadda suke ƙirga gadaje suna duba takardun ma'aikata, su zagaya baya su ga sokawe, su auna nisansa da rijiya mafi kusa. Motocin kwasar bahaya a ware musu wurin juyewa, a riƙa ba direba shaidar ya kai can, asibiti kada ya biya sai ya ga shaidar.

Masu lambu kuma a je musu da lalama, ta hannun shugabanninsu da malaman gona. Akwai dabarun da aka gwada da manoman ganye a Akara da Kumasi a Gana: a haƙa ɗan rami ruwa ya kwanta kafin a ja, a bi da shi ta ƙasa maimakon a watsa a kan ganye, a tsayar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin cira idan ganyen zai jure. Rijiyar burtsatse guda a bakin lambu da wata a kasuwar da ake saukewa, don wankin kaya kawai, za ta yi aikin da wa'azin shekara bai yi ba. Uwargida ma a gida ta ware ganyen latas ɗaya-ɗaya ta wanke a ruwa mai kyau, ta jiƙa da ruwan kal, ta kankare karas, maimakon tsoma shi sau ɗaya a ruwan gishiri.

Najeriya na da kundin yaƙi da matsalar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, na farko daga 2017 zuwa 2022, na biyu daga 2024 zuwa 2028, kuma an rubuta muhalli a ciki tare da lafiyar mutane da ta dabbobi. A watan Satumban 2024 shugabannin duniya sun yi alkawari a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da irin waɗannan ƙwayoyi ke jawowa da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Ina kira ga ma'aikatun lafiya da muhalli da albarkatun ruwa na jihar Kano, da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da cibiyar NCDC mai yaƙi da cututtuka, su zauna su fitar da wanda alhakin ruwan bayan asibiti ke wuyansa, domin a yanzu ma'aikacin lafiya na ganin aikinsa ya ƙare a bakin katanga, na muhalli kuma na ganin nasa bai shiga cikin katanga ba.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilinka. Ya zaɓi asibitoci uku, babba na gwamnati da ƙarami da na kuɗi, kada ya tsaya a ofishin shugaba. Ya nemi mai shara ko mai gyaran famfo ya nuna masa inda ruwan ɗakin haihuwa ke fita, ya bi shi da ƙafa har inda ya tsaya, ya tambayi yaushe aka kwashe sokawe na ƙarshe da inda aka juye, sannan ku buga mana abin da ya gani da hotuna. Idan yana bukatar wanda zai raka shi ya nuna masa yadda ake ɗibar samfur ba tare da ya cutu ba, adireshina na wurinku, a shirye nake.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Fagge, Kano.